Taken Alhaji Bawa

Ku 'ya'yana, kun daɗe kuna yi mini dariya a kan abu ɗaya, ni kuma na daɗe ina ƙyale ku. Duk ranar Asabar da 'yan fanfar suka biyo babban titi da gawa, da kakakinsu na ƙarfe da manyan gangunansu, in suka shiga wani kiɗa mai jan rai sai ku ga na miƙe tsaye, ko ina cin tuwo, ko ina tsakiyar magana da baƙo. Hadiza ta taɓa ce wa ƙawarta wai a Turai na koyo girmama gawar kowa. A Zango an faɗi abin da ya fi wannan. Wasu sun ce na fara karkata wajen coci, wasu sun ce kakanku ya yi mini baki kafin ya rasu, shi ya sa har yau ba na iya zama wuri ɗaya. Rashin zama kam da shi aka haife ni, ku tambayi duk wanda ya taɓa zama kusa da ni a mota. Amma Baba bai yi mini baki ba. Abin da ya yi mini daban ne, kuma gara ku ji shi daga wurina tun ina iya riƙe biro.

Gidanmu gidan makaɗan mahauta ne. Kakana ya biyo fataken shanu daga ƙasar Katsina da kalangunsa a kafaɗa, bai tsaya ba sai da ya iso Lome. Inna takan ce da ba don teku ta tare hanya ba da har yanzu danginmu suna tafiya. Aikin da ya bar wa Baba shi ne wannan: kullum da hantsi ya rataya kalangu, ya bi layin nama daga farkonsa zuwa ƙarshensa, yana yi wa kowane mahauci takensa. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba ku san take ba. Ɗan gajeren kiɗa ne da ake yi wa mutum ɗaya, nasa ne shi kaɗai kamar sunansa. A layinmu ba a kaɗa shi sai mai shi yana wurin, ko kuma ana kiransa. Da ya ji zai tashi tsaye, ko yana tsakiyar ciniki, ya ɗaga wuƙarsa sama. Ranar da ya mutu a bar taken ya bi shi, ba mai sake taɓawa. Su kuma mahauta nasu shi ne kullum a naɗe wa makaɗi nama a takardar siminti a aika gidansa. Da wannan naman aka raine ni, ban san ana sayen nama ba sai da na yi aure.

Babba a layin shi ne Alhaji Bawa, ubangidan Baba. Ƙaton mutum ne mai ƙaramar murya, mai son tsokana, ba ya iya ganin mutum ya wuce bai ja shi da magana ba. Kakana ne ya yi masa takensa tun Bawa yana saurayi, ranar da wani sa ya tsinke igiya ya nufi taron mata, Bawa ya tare shi shi kaɗai ya kayar. Abin da kalangu yake faɗi a taken ba shi da yawa: Bawa, tashi, sa ya tsinke. Da sauri ake kaɗa shi, hannu ba ya hutawa, tsarkiyar kalangun tana matsuwa a hammata tana sakuwa har sai ka ji kai ma kana son ka ruga. A duk taken da ke gidanmu babu mai daɗinsa, kowa ya sani.

A shekarar da nake ba ku labari na wuce ashirin da biyar, na iya duk abin da Baba ya iya, kuma abin ya ishe ni. Ba raina shi na yi ba, Allah ya sani. Hannuna ne ya gaji da maimaita abu ɗaya a layi ɗaya gaban fuskoki ɗaya. In na gama da kasuwa sai in bi gari. In tsaya bayan tagar coci in ji garaya irin tasu mai iska, in gangara Adakpamé wajen masu sayar da faya-fayan da ma'aikatan jirgin ruwa suke kawowa, in bi 'yan gangar Bè-Kpota har yamma. Inna ta daina ajiye mini abincin rana.

"Ƙafar nan taka ƙaiƙayi take yi," in ji ta. "Wata rana za ta kai ka inda ba a kira ka ba."

A wajen wani biki na haɗu da Komlan, wanda kuka tashi kuna kira Tonton Metir. Ya yi shekaru a Turai yana koyon tsohon kiɗan Turawa a piyano, ya dawo yana buga wa coci ranar Lahadi, sauran ranaku kuma yana buga jaz da wani mutumin Gana mai saksofon. Ya tsaya yana kallon hammatata, ba fuskata ba, har na gama. Sannan ya ce da ni da Hausar kasuwa in zo gidansa a Djidjolé. Na je washegari, na sake komawa jibi, daga nan na daina ƙirgawa. Piyanonsa ya sha iskar teku har wasu maɓallan sun kumbura, in ya danna sai ya sa farce ya ɗago su. Amma ban taɓa jin abu irin nasa ba. Hannunsa na hagu yana coci, na dama yana yawo inda ya ga dama, ni kuma ina tsakiya ina neman wurin sa ƙafa. A ɗakin nan ne kaɗai na taɓa zama awa uku ban kalli ƙofa ba.

Wata rana da azahar ya rufe piyano ya juyo.

"Fofo," ya ce, haka yake kirana da yarensu, "duk abin da kake ba ni kai ka ƙirƙira jiya. Ba ni tsohon abu. Abin da kakanka ya kaɗa."

Ban yi dogon tunani ba. Ina son in burge shi, sai na ba shi abin da ya fi kyau. Na kaɗa taken Alhaji Bawa a ɗakin da babu Alhaji Bawa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ba ni kalangu. Komlan ya sa na maimaita, ya ɗauko takarda mai layi biyar-biyar yana ɗiɗɗiga mata baƙaƙen ɗigo. Dariya ma abin ya ba ni. A ganina take fata ne da tsarkiya da hammatar mutum, abin da ya hau takarda ya zama wani abu dabam, ba na kowa ba. Da ya gama sai ya buga shi a piyano, amma ya ja shi a hankali, ya rage saurinsa har kowace gaɓa ta tsaya ita kaɗai. Mai saksofon ya shigo daga ƙasa-ƙasa. Ni kuma na ajiye sandar kiɗa na bi su da yatsu. Da muka tsaya, matar Komlan tana bakin ƙofa da ludayi a hannu tana share ido. Na ce a raina ko Baba ba zai gane wannan ba, balle mahauta. Wannan shi ne kuskurena, ba wanda ya sa ni. Na manta cewa mutanen da suka yi shekara hamsin suna jin abu kowace safiya za su gane shi ko da a faranti aka ƙwanƙwasa.

Mun sa shi a kaset ɗinmu na farko, shi ne na uku. A gida na ce wasan Turawa muke yi, ba wanda ya nemi ji.

Lokacin an fara buɗe ƙananan gidajen rediyo a gari, kuma ɗaya daga cikinsu yana da shirin sanarwar mutuwa, safe da yamma, inda iyalai ke kai sunayen mamatansu a karanta. Wani a can ya ji kaset ɗinmu, ya ga na ukun ya dace a sa shi a ƙarƙashin muryar mai karatun. Ba su tambaye mu ba. Ranar da suka fara, Alhaji Bawa ya yi kwana tara bai fito kasuwa ba, ƙafa ta kumbura masa. Ina layin nama tare da Baba, rediyon wani mai tsire yana rataye a ƙusa. Sai ga piyanon Komlan. Na ga wuƙaƙe suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Wata murya ta fara karanta sunaye da Faransanci, a hankali, da muryar ta'aziyya. Manyan layin ba su damu da Faransanci ba, amma kowa ya san wannan shirin na mene ne, kuma kowa ya ji taken wane ne ake ja kamar ana kuka.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji wani tsoho. "Alhaji ya tafi."

Kafin in tattara kaina an rufe nama da buhuna, an kife tire, layin gaba ɗaya ya kama hanyar gidan Alhaji. Mata masu koko da masu kifi suka bi baya. Ina biye da su ina cewa ku tsaya, ku tsaya, ba wanda ya waiwayo, sun ɗauka ruɗewa na yi. Muka shiga zaure da salati. Alhaji Bawa yana zaune a tabarma, ƙafarsa a cikin roba da ruwan ɗumi, yana ɓare gyaɗa. Ya dube mu, muka dube shi. Wata mata da ta riga ta fara kuka daga waje ta shigo ta gan shi, ta kasa tsayar da kukan, sai ta ci gaba. Can sai ga 'yarsa Ladi daga Adakpamé a bayan babur, ba takalmi, ɗankwali a hannu.

Da aka yi masa bayani ya yi dariya har gyaɗar ta zube.

"To, alhamdu lillahi, na ga masu zuwa jana'izata. Kai Sale, ban gan ka a gaba ba, a baya ka tsaya. Na riƙe."

Kowa ya yi dariya ban da mutum biyu. Ladi tana jingine da bango tana haki. Baba kuma yana kallona, domin a bayan piyanon ya ji yatsu a kan fata, kuma ya san yatsun wane ne.

A gida bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya rataye kalangu, ya wanke hannu, ya zauna.

"Wa ya ba ka?"

"Baba, ban zaci…"

"Ban tambaye ka abin da ka zata ba. Ni ma ajiya aka ba ni. Wa ya ba ka?"

Inna ta leƙo daga madafa.

"Ka bar shi ya je ya karɓo abin mutane, maigida. Ƙafar da ta kai shi ita za ta dawo da shi."

Na ɗauka abin mai sauƙi ne. Washegari ni da Komlan muka je gidan rediyon. Mutumin da muka samu ya karɓe mu hannu biyu, ya ce mun yi abin kirki, tun jiya iyalai suke tambayar sunan kiɗan. Na yi masa bayanin take, na sake yi, yana gyaɗa kai kamar wanda ake ba labarin aljanu. Ya ce to, zai cire. Ya cire kwana huɗu. Rana ta biyar wasu masu rashi suka ce su dai wannan suke so a sa wa mahaifiyarsu, aka mayar. Na koma sau shida, har mai gadi ya san ni. Ina cikin wannan zirga-zirgar ne wata Asabar na ji shi a titin Bè-Kpota, ba daga rediyo ba. 'Yan fanfar ne suka ɗauke shi da kunne, suna busa shi a bayan akwatin gawa, mata cikin baƙaƙen kaya suna tafiya a kan bugunsa. Na tsaya a bakin kwata na san magana ta ƙare. Rediyo ɗaya ana iya roƙonsa, amma ban san gidan da zan je in roƙi garin Lome ba.

Bayan wata guda Alhaji ya samu sauƙi ya fito kasuwa. Baba ya sa sabuwar riga, ya tare shi tun daga bakin layi, ya saki taken da saurinsa na asali. Alhaji ya fara yunƙurin tashi. Sai wata mata 'yar gari da ta zo sayen nama ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta tambayi yaron tebur da yarensu wa ya mutu. Duk layin ya ji. Samarin mahauta suka sunkuyar da kai. Alhaji ya tsaya rabi a tsaye rabi a zaune, sannan ya koma ya zauna, ya ɗaga tafin hannu.

"Mamman, bari," ya ce da Baba.

Tun da kakana ya yi taken nan ba a taɓa tsayar da shi a tsakiya ba. Baba ya sauke sandarsa, ya wuce tebur na gaba. Ya yi mako uku yana shirya wa Alhaji sabon take, mai kyau ne ƙwarai, ni ban isa in yi irinsa ba. Ranar da ya kaɗa masa, Alhaji yana yanka hanta, bai ɗago ba. Ba fushi yake yi ba. Bai ji an kira shi ba ne kawai. Sai da aka taɓa shi ya ce madalla, madalla, ya yi daɗi. Naman takardar siminti kuwa bai fasa zuwa gidanmu ko rana ɗaya ba, har ma ya ƙaru. Inna ta dafa, mu ci, Baba ya ce a zuba masa miya ba nama. Na tsani ƙamshin miyar nan, na koma cin abinci a titi.

Ana cikin haka takarda ta zo wa Komlan daga Faransa. Wasu masu shirya wasanni sun ji kaset ɗinmu, suna gayyatarmu wata uku, kuma sun ambaci na ukun da sunansa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi murna har na kasa zama, na yi ta zagaya piyano. Ina son in tafi kamar raina zai fita. Ina son kiɗan, ina kuma son in bar unguwar da kowa ke kallona. Amma na kasa ɗaukar abin mutum in haye da shi teku karo na biyu ban tambaya ba. Ranar Juma'a bayan masallaci na je gidan Alhaji da kalanguna, na durƙusa.

"Ɗan Mamman," ya ce, "ka zo ka ƙarasa ni ne?"

Na faɗa masa komai, na roƙi gafara. Ya saurara yana murza ƙafarsa.

"Kaɗa mini shi. Nan ba kowa, daga ni sai kai. Yadda kakanka ya yi."

Na kaɗa da iyakar ƙarfina, har zufa ta jiƙa rigata. Ya rufe ido. Na ga yatsun hannunsa suna motsi a kan gwiwa. Amma bai tashi ba.

"Ina jin sa," ya ce. "Wallahi ina jin sa. Sai dai da ya fara sai in ji ina jiran a karanto sunaye. Matan gidan nan in ya zo a laradiyo gudu suke su kashe, kamar ban sani ba. Jikana ya tambaye ni ko ni ne na mutu kullum."

Ya yi 'yar dariya, ban taya shi ba.

"Bon, shi ke nan. Ka tafi da shi. Can ba wanda ya san ni, ba wanda zai rufe nama. Amma abu ɗaya. Ka kaɗa musu shi da sauri. Ka ce musu na wani mahauci ne da ya kayar da sa, yana nan da ransa, yana cin gyaɗa. Kada ka je ka binne ni a ƙasar yovo ma, a cikin Turawa."

Na ce na yi alkawari. Na faɗa da zuciya ɗaya, a gaban Allah, kuma a lokacin na yarda da kaina.

A wasanmu na farko a can na gaya wa Komlan alkawarin, muka buga shi da sauri. An tafa, tafi na ladabi. Mai gayyatarmu ya zo bayan fage ya ce ba wannan ya ji a kaset ba, kuma ba wannan ya sayar wa mutane ba. Komlan bai matsa mini ba, ina so ku san wannan, kada ku ɗora masa. Cewa ya yi, "Fofo, kai ke da magana." Na kalli ɗakin nan mai ɗaukar mutum ɗari-ɗari, na tuna layin nama da ƙudajensa. Washegari ni da kaina na ajiye sanda na sa yatsu. Muka ja shi a hankali, mata suka yi ta share ido, aka tashi tsaye ana tafi. Na ce a raina sau ɗaya ne, gobe zan gyara. Wata uku suka zama shekara biyu. Daga wannan kiɗan ne duk sauran suka biyo, wasan da na yi da masu goge arba'in na Turawa, da mutanen Indiya masu ƙananan ganguna, da tsofaffin jaz na Amirka, da gidan nan da kuka girma a ciki. Ban taɓa gaya wa kowa a can sunan Bawa ba. In an tambaye ni sai in ce tsohon kiɗan gargajiya ne. Har faifai muka yi da shi, a hankali, minti tara.

Ina can Alhaji ya rasu. Ladi ce ta hana a kai sanarwa gidan rediyo, aka bi gida-gida da baki. Na dawo bayan arba'in, da akwatuna da agogo na Baba da atamfofi na Inna. Baba ya tsufa fiye da shekara biyu. Ya daina bin layi, ƙanena ne yake yi. Ya karɓi agogon ya sa albarka, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi. Ina jiran tambaya ɗaya, na shirya mata ƙarya tun a jirgi. Bai yi ta ba. Kwana uku ina kai-kawo a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, shi kuwa yana zaune yana jan carbi.

Rana ta huɗu Inna ta kira ni madafa, ta sa ni tsinke mata alayyafo kamar ƙaramin yaro.

"Ka san faifanku ya iso nan?" ta ce. "Tun bara. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya sa wa babanka a kaset, ya ce ga ɗanka a Turai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a mayar wa mai shi."

Na ajiye ganyen da ke hannuna, ita kuma ta ci gaba.

"Alhaji kuma duk Juma'a in sun fito masallaci sai ya tsayar da shi. Mamman, yaron nan da sauri yake kaɗawa ko? Babanka ya ce da sauri, ubangida. Har Turawa suna tashi tsaye. Shi kuma ya yi ta dariya, ya ce to ka gani, har can ana tashi. Ranar da zai cika ma ya tambaya."

Ta karɓe kwanon daga hannuna domin na daina tsinkewa.

"Shekara arba'in ina tare da mutumin nan, ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ko ta ciniki. Sai da ka tafi. Duk Juma'a, da alwalarsa, a ƙofar masallaci. In ya dawo ba ya cin abinci sai la'asar."

Wannan shi ne bakin da ake cewa kakanku ya yi mini. Bai taɓa ɗaga maganar ba har ya koma ga Allah, ni ma ban samu ƙarfin ɗaga ta ba, kuma wannan rashin ƙarfin yana cina har yau. Tun daga ranar ban sake kaɗa taken ba, da sauri ko a hankali. An roƙe ni a ƙasashe da yawa, an yi fushi da ni, wani wuri ma an fasa gayyatarmu. Komlan bai taɓa tambayata dalili ba, ya dai cire takardar daga cikin littafinsa ya ba ni. Tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, Hadiza, ke da kika iya karanta ɗigon nan. Ban ce ki ƙona ta ba, ban kuma ce ki buga ba.

Amma 'yan fanfar ba su san da wannan ba. Yaran da ke busa shi yanzu ba a haife su ba lokacin, in ka tambaye su za su ce kiɗan kakanninsu ne. Duk Asabar suna bin titi suna cewa Bawa, tashi, sa ya tsinke, ba su san magana suke yi ba. A gidanmu an koya mini cewa ba a kaɗa take ya faɗi ƙasa ba wanda ya amsa. Mai shi ba ya nan, Baba ba ya nan, a duk Zango waɗanda suka san ana kiran wani ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Saboda haka in kun ga na ture kwano na dafa bango ina neman miƙewa, ku daina cewa Baba zauna, gwiwarka. Ku kama hannuna ku ɗaga ni.